Da Wane Mudu Aka Auna Launin Hotonka?

Ankon bikin ƙanwata leshi ne algashi, irin koren nan mai ɗan sirkin shuɗi da yake kiran ido tun daga nesa. Mata sun yi kusan wata guda suna kai-komo kafin su tsayar da shi. Ranar kamu da suka jeru a tsakar gida, sai ka ce fadamar shinkafa ce bayan an ɗauke ruwan sama. Mai hoton da muka ɗauko yaro ne mai himma, kyamararsa babba, kuma ya san inda zai tsaya ya sami haske. Bayan kwana biyu ya nuna mini aikin a allon kwamfutarsa, na yaba, na biya kuɗin albam.

Da aka kawo albam ɗin daga wurin wanki, amarya ta buɗe shafin farko ta yi shiru. Can ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wannan ai ba leshinmu ba ne." Gaskiyarta kuwa. Koren ya koɗe kamar an wanke shi sau ashirin an shanya a rana. Jan lallen hannunta ya koma ruwan ƙasa, fuskokin 'yan'uwa duk sun yi toka-toka kamar an ɗauke su cikin hazon hunturu. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin biki ba a maimaita shi, kuma cikin waɗanda ke hoton akwai tsofaffin da ba kullum suke haɗuwa wuri ɗaya ba.

Mai hoto ya ce masu wanki ne suka ɓata masa aiki. Muka ɗunguma tare. Dattijon da ke kula da injin ya saurare mu cikin haƙuri, sannan ya ce, "Malam, abin da yaron nan ya kawo shi muka ba inji. Ba mu ƙara ba, ba mu rage ba." A cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Na taɓa aikin tsara shafukan mujalla, don haka na roƙi a nuna mini fayilolin, sai na ga sunan kowannensu ya fara da ɗan layin nan na ƙasa. A nan gizo ke saƙa. A ƙa'idar da kamfanonin kyamara suke bi, hoton da aka ɗauka a ma'aunin sRGB sunansa yakan fara da harafi, kamar DSC_ a Nikon ko IMG_ a Canon. In kuwa an saita kyamarar a kan Adobe RGB, sai sunan ya koma _DSC ko _MG_. Ashe wani ne ya gaya wa yaron cewa Adobe RGB ya fi yawan launi, shi ne na ƙwararru, shi kuwa ya saita da kyakkyawar niyya. Injin wankin kuma, kamar akasarin ire-irensa, duk abin da aka miƙa masa yana ɗaukarsa a matsayin sRGB. An auna da wani mudu, an karɓa da wani.

Gero goma

Hoton da ke cikin waya ko kwamfuta tarin ƙananan ɗigo ne, miliyoyinsu. Kowane ɗigo lambobi uku ne kawai: nawa ne jansa, nawa ne korensa, nawa ne shuɗinsa. A hoto na yau da kullum kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Haruffan RGB da ake yawan gani farkon sunayen launukan nan uku ne da Turanci. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, lambar ita kaɗai ba ta faɗin launi. A ce ɗan'uwanka ya aiko maka saƙo daga birni, ya ce a sayo masa gero goma. Dole ka tambaye shi, goman me? Mudu, ko kwano, ko tiya? Ko mudun ma, na wace kasuwa, tun da kowa ya san mudun wani gari ya ɗara na wani? To haka lambar 255 take a gurbin kore. Tana cewa ne "iyakar koren da ma'aunin nan ke da shi", iyakar koren wani ma'auni kuwa ba ita ce ta wani ba.

Ga misali da kowa zai iya gwadawa. Ja mafi ƙarfi a sRGB shi ne 255, 0, 0. In aka juya wannan jan zuwa Adobe RGB ba tare da an canza kamanninsa ba, lambobinsa sukan koma kusan 219, 0, 0. Kore mafi ƙarfi a sRGB, wato 0, 255, 0, yakan koma kusan 144, 255, 60. Launin bai motsa ba, mudun ne ya ƙara girma, saboda haka adadin ya sauya. Yanzu ka ɗauki wannan 219 ka miƙa wa injin da ya ɗauka ƙaramin mudu ake nufi. Zai zuba maka ja wanda bai kai ba. Abin da ya sami lallen ƙanwata ke nan, shi ne kuma ya sami leshin.

Maganin wannan ruɗani ɗan ƙaramin bayani ne da ake cusawa cikin fayil ɗin hoto, ana kiransa furofayil. Takardar shaida ce da ke cewa ga mudun da aka auna lambobin nan da shi. Manhajar da ta san aikinta takan karanta shaidar, ta juya lambobin zuwa na allon da ke gabanta ko na injin da zai buga. Wadda ba ta sani ba sai ta yi watsi da ita. Fayil ɗin da ya zo ba shaida kuwa, kowa sai ya yi masa hasashe.

Kafin a iya juya wani ma'auni zuwa wani, sai an sami babban ma'auni da kowa ya yarda da shi, kuma wannan idon ɗan Adam ne. A ƙarshen shekarun 1920 wasu masana biyu a Ingila, David Wright da John Guild, kowa a nasa wurin, sun zaunar da mutane gaban na'ura suna haɗa hasken fitilu uku har ya yi daidai da launin da aka nuna musu. Mutum goma sha bakwai ne gaba ɗaya. A kan sakamakon gwajin nan hukumar haske ta duniya, CIE, ta kafa ma'auninta a 1931, kuma har yau shi ne ginshiƙin duk lissafin launi a kwamfuta. A 1976 hukumar ta ƙara fito da wani mai suna Lab, wanda tazarar lambobinsa ta fi kusa da yadda ido ke jin bambanci. Sai a 1993 kamfanoni takwas, ciki har da Adobe da Apple da Kodak da Microsoft da Agfa, suka kafa ƙungiyar ICC, suka amince da siga guda ta rubuta furofayil. Tun daga nan aka sami hanyar da kyamara da allo da injin bugu, kowa da harshensa, za su iya haɗuwa a wurin tafinta ɗaya.

To a nan ne abin da ake kira filin aiki ya shigo. A da, lambobin hoto na allon mai aikin ne kawai. Abin da allonka ya nuna shi ne launin, in ka kai fayil ɗin wata kwamfuta sai ya zama wani abu dabam. Da Photoshop na biyar ya fito a 1998, sai ya raba biyun: allo da nasa furofayil, hoto kuma da nasa ma'aunin da bai dogara da kowace na'ura ba. Wannan ma'aunin na hoto shi ake kira filin aiki, wato inda ake ajiye lambobin, a gyara su, a miƙa wa wani. Babbar fa'idarsa ita ce daidaito. A filin aiki na gari, duk lokacin da lambobin ja da kore da shuɗi suka zo ɗaya, kamar 128, 128, 128, launin toka ne tsantsa, babu sirkin komai. A allo na gaske ba lallai haka ta kasance ba, wani tokarsa ta karkata zuwa shuɗi, wani zuwa rawaya. Shi ya sa nake jin takaici in na ga mai zane ya zaɓi furofayil ɗin allonsa ya mai da shi filin aiki don wai abin da yake gani ya tsaya yadda yake. Ya ɗaure aikinsa ne a jikin na'ura guda wadda za ta tsufa, kuma babu mai irinta sak a duniya.

Ƙarami, matsakaici, da wanda ya wuce ido

Mafi yaɗuwa cikin filayen nan shi ne sRGB. Kamfanonin HP da Microsoft ne suka gabatar da shi a 1996, hukumar IEC kuma ta mai da shi ƙa'idar duniya a 1999. An ƙera shi ne a kan abin da allon kwamfuta na wancan zamani, mai ƙaton ƙeya, yake iya nunawa. Saboda haka ƙarami ne: kusan kashi ɗaya cikin uku na launukan da ido ke gani kawai ya ƙunsa. Ƙwararru sun daɗe suna yi masa kallon raini saboda wannan, amma ni ina ganin an zalunce shi. Launin fatar mutum, ƙasa, itace, bango, sararin sama na yau da kullum, akasarin abin da mai hoton biki ko na suna zai ɗauka, suna zaune lafiya a cikinsa. Ya kuma mallaki abin da sauran ba su da shi, wato shi ne hasashen kowa. Ƙa'idar shafukan intanet ta ce hoton da ya zo ba shaida a ɗauke shi sRGB ne. Ke nan ko da takardar shaidarsa ta faɗi a hanya, zai isa da kamanninsa.

Adobe RGB kuwa labarinsa na da ban sha'awa. Ya fara bayyana ne a Photoshop na biyar da sunan wata ƙa'idar talabijin, SMPTE-240M. Daga baya aka gano lambobin da aka sa ba su dace da na ƙa'idar ba, amma masu aikin bugu sun riga sun ji daɗinsa. Maimakon a janye shi, sai aka canza masa suna zuwa Adobe RGB na 1998. Irin jansa da irin shuɗinsa ɗaya suke da na sRGB, korensa ne ya yi nisa can gaba, abin da ya sa ya ƙunshi kusan rabin launukan da ido ke gani. Faɗin da ya ƙara duk yana wajen kore da algashi da shuɗi-shuɗin nan mai haske. Nan ne kuwa tawadar maɗaba'a take da ƙarfi, domin tawadar sayan a kan takarda mai sheƙi tana kai wa inda sRGB ba ya kai wa. Don haka wanda ya gaya wa mai hotonmu cewa ya fi yawan launi bai yi ƙarya ba. Rabin zancen ya faɗa masa. Sauran rabin shi ne, filin nan ba ya yafe sakaci: duk inda fayil ɗin zai bi, sai an sami mai karanta shaidarsa. Kuma in allonka iyakarsa sRGB, to launukan da suka ƙaru ba ka ganinsu, kana gyara abin da ke bayan labule ne.

A Turai masu maɗaba'a suna da nasu, eciRGB, na wata ƙungiya mai suna ECI da aka kafa a 1996. Faɗinsa bai yi nisa da na Adobe RGB ba. Inda ya bambanta shi ne farinsa. Su sRGB da Adobe RGB farinsu D65 ne, fari mai ɗan sanyi irin na allo, shi kuwa eciRGB ya ɗauki D50, farin da ake duba takardar bugu a ƙarƙashinsa.

Sai babban wansu, ProPhoto RGB, wanda Kodak ya ƙera. Faɗinsa ya kai har korensa da shuɗinsa na ƙarshe sun fita daga abin da ido ke iya gani. Kusan kashi 13 cikin ɗari na lambobinsa ba su da launi a duniya, lissafi ne kurum. An yi haka da gangan don kada wani launi da kyamara ta kama ya rasa mazauni. Amma akwai kuɗin da ake biya. Ka tuna matakai 256 ne daga 0 zuwa 255. In ka yi tsani mai matakai 256 don hawa soron gida, tazarar kowane mataki kaɗan ce. In ka ce da matakan nan 256 za ka hau dogon bene, dole tazarar ta buɗe. Haka yake a hoto: fili mai faɗi da matakai kaɗan yakan sa wurin da launi ke sauyawa a hankali, kamar sararin sama da magariba ko labulen da ke bayan mutum a situdiyo, ya fito da zara-zaran layuka maimakon ya tafi sumul. Shi ya sa ba a aiki a ProPhoto sai da hoto mai bit 16, wanda matakansa suka kai 65,536, ba mai bit 8 mai matakai 256 ba. Hoton JPEG na yau da kullum bit 8 ne, saboda haka JPEG a ProPhoto haɗari biyu ne a wuri ɗaya. In kuma aka karanta shi a matsayin sRGB, koɗewar da yake yi ta ninka wadda ta sami albam ɗinmu.

Wani ma'aunin kuma ya shigo ta aljihu ba tare da an yi shawara da kowa ba. Tun daga iPhone 7 a 2016 wayoyin Apple suke ɗaukar hoto a Display P3, fili da aka samo daga ma'aunin silima, wanda ya fi sRGB faɗi wajen ja da kore. Wayoyi da yawa na wasu kamfanoni ma allonsu ya koma irin wannan. Ke nan mai shagon zane da abokin ciniki ya turo wa hoto daga waya, ba zai ƙara cewa lallai sRGB ne ba sai ya duba.

Inda haske ya ƙare, tawada ta fara

Duk wannan magana ta allo ce, allo kuwa fitila ne. Yana haɗa haske a kan haske, in ya haɗa ukun gaba ɗaya ya sami fari. Takarda ba ta da hasken kanta. Hasken ɗaki ne ke sauka a kanta, tawada ta shanye wani ɓangare, saura ya dawo ido. Tawadun maɗaba'a huɗu ne, sayan da majenta da rawaya da baƙi, su ake taƙaitawa da CMYK, kuma duk wadda ka ƙara a kan wata duhu take ƙarawa. Shi ya sa akwai launukan da allo ke yi waɗanda tawada huɗun nan ba za su taɓa yi ba, komai tsadar injin: kore mai walƙiya, ruwan lemo mai zafi, da shuɗi mai zurfi. Shuɗin ne ya fi ba masu bugu wahala, domin in aka juya shi ba kula yakan karkata zuwa shunayya. Wanda ya taɓa ƙoƙarin buga hoton yadin da aka rina da baba a marinar Ƙofar Mata ya san wannan ciwon. Masu gogewa a aikin sukan duba lambobin da idonsu, su tabbata majenta ya yi ƙasa da sayan sosai kafin a ƙona farantin bugu.

Kuskuren da na fi gani a shagunan zane shi ne ɗaukar CMYK kamar abu ɗaya ne. Sai ka ji an ce, "Mai da shi CMYK ka kawo," an gama magana. Alhali CMYK ma gero goma ne. Lambobin tawada iri ɗaya a kan takarda mai sheƙi da kan takardar jarida launi biyu suke bayarwa, domin takardar jarida tana shan tawada, ɗigon ya baje ya ƙara girma, hoto ya yi duhu. Furofayil ɗin jarida da aka daɗe ana amfani da shi, ISOnewspaper26v4, lambar 26 da ke cikin sunansa kason wannan bajewar ce. Haka kuma kowace takarda da iyakar tawadar da za ta iya ɗauka. In aka zuba huɗun a cike, 400 ke nan cikin ɗari, kuma babu takardar da za ta jure. Mai sheƙi takan ɗauki 300 zuwa 330, ta jarida ba ta wuce 240. In aka zarce, tawada ta ƙi bushewa, shafi ya shafa wa ɗan'uwansa baƙi a baya.

Kowane yanki da ƙa'idarsa. Amurka tana da SWOP da GRACoL. Turai tana bin alƙaluman cibiyar bincike ta Fogra da ke Jamus, inda FOGRA39 ya daɗe yana mulki kafin FOGRA51 ya zo a 2015. Japan ma da nata. Photoshop kuwa, a saitin Arewacin Amurka da mutane da yawa ke bari yadda suka same shi, SWOP yake bayarwa, wanda aka auna don injinan buga mujallu na can masu cin takarda a naɗe. Mai zane a Kano ko Kaduna da ya danna maɓallin juyawa ba tare da ya duba ba, ya shirya fayil ɗinsa ne don injin da ke wata nahiya, alhali aikin zai hau tsohon injin Heidelberg mai cin takarda falle-falle a layin bayansa, ko a Shomolu ta Legas. Wani lokaci a dace, wani lokaci a yi asarar rim-rim na takarda.

Dalilin da ya sa ba na goyon bayan a mai da CMYK filin aikin hoto ke nan. Juyawa daga babban fili zuwa ƙarami hanya ce da ba a dawowa. Launin da aka yanke ya tafi, ko ka sake mai da fayil ɗin RGB ba zai dawo ba. Hoto guda kuwa yau yana iya hawa kalanda, gobe jarida, jibi allon talla, gata Facebook, kowanne da iyakarsa. Abin da ya fi shi ne a bar uwar hoton a RGB da shaidarta, a riƙa cirar kwafi ana juyawa don kowane aiki. Siffar PDF/X-4 ma ta ba da damar a bar hotuna a RGB har sai sun isa maɗaba'a, a juya su can a mataki na ƙarshe, saɓanin tsohuwar PDF/X-1a wadda ba ta karɓar RGB ko kaɗan. Amma wannan sai da maɗaba'ar da ta san abin da take yi. In ba ka tabbata ba, ka tambaye su furofayil ɗinsu ka juya da hannunka. Rubutu baƙi dai a bar shi a tawadar baƙi kaɗai, domin in ya zama haɗin huɗu, da faranti ɗaya ya ɗan goce sai haruffa su yi inuwa.

Wajen juyawar akwai umarni biyu da ke maƙwabtaka a manhaja, kuma rikita su ya ɓata aiki ba adadi. Ɗaya liƙa shaida ne: lambobi suna nan yadda suke, an dai ce ga mudunsu, saboda haka kamanni yakan canza. Ɗaya kuwa juyawa ne: lambobi su canza don kamanni ya tsaya. Na farko amfaninsa ga fayil ɗin da ya zo ba shaida ne, ko ya zo da shaidar da ba tasa ba. Na biyu shi ne na kai hoto daga wani fili zuwa wani. A cikin juyawar kuma za a tambaye ka yadda za a yi da launukan da suka fi ƙarfin sabon wurin. Ko dai a danne kayan gaba ɗaya su shiga buhun, kowane launi ya ɗan rage amma tsakaninsu ya tsaya, ko kuma a bar waɗanda suka shiga yadda suke, a datse abin da ya yi saura a baki. Hoto mai launuka masu zafi yakan fi son na farko, mai launuka masu sanyi na biyu. Ba a yanke wannan da ka, sai an gwada an gani.

Ganin ma da sharaɗinsa. Duk macen da ta taɓa sayen shadda a Kantin Kwari ta san ba a yarda da launi a ƙarƙashin fitilar shago, sai an fito da yadin bakin ƙofa. Masu bugu sun mai da wannan hikimar ƙa'ida: ISO 3664 ta ce a duba gwajin bugu a ƙarƙashin hasken D50, mai zafin launi kusan 5,000 a ma'aunin Kelbin. Allon ma sai an daidaita shi da 'yar na'urar aunawa da ake ratayawa a fuskarsa, a kuma rage masa haske, domin allo mai tsananin haske yakan sa mai gyara ya duhunta hoto bai sani ba. Na san ba kowane shago ne zai iya sayen waɗannan ba. Amma kowa zai iya fitar da gwaji ɗaya, a fita da shi waje cikin inuwa, mai aiki ya gani ya sa hannu kafin a buga dubu biyar.

To wanne za a zaɓa? Amsata ita ce a fara daga ƙarshen hanya, a dubi inda hoton zai sauka da hannuwan da zai bi kafin ya isa. Situdiyon da aikinsa ke ƙarewa a waya da albam, wanda fayilolinsa ke bi ta hannun mutum uku ko huɗu da ba su taɓa jin kalmar furofayil ba, ya tsaya a sRGB tun daga kyamara har zuwa wanki, kuma kada ya ji ya gaza. Ɗan launin da zai rasa bai kai kashi ɗaya cikin goma na ɓarnar da ruɗani ke yi ba a idona. Gidan mujalla ko mai buga kundin kayan sayarwa, inda masaƙa ke son a ga ainihin koren atamfarta, wanda kuma yake da allo mai faɗin launi da ma'aikatan da aka koya wa aikin, shi ne zai ci ribar Adobe RGB ko eciRGB. ProPhoto kuwa na ɗakin ajiya ne, na mai ɗaukar hoto a siffar RAW da ke son adana duk abin da kyamara ta kama. Shi RAW ba shi da filin aiki tukuna, ɗanyen bayani ne, saitin kyamara ba ya taɓa shi, sai lokacin fitarwa ake zaɓa masa. Manhajar Lightroom ma a cikinta da launukan tushe na ProPhoto take lissafi, sai an zo fitarwa ta tambaye ka mudu. Irin wannan fayil ba ya barin gida sai an juya kwafinsa.

Abin da ya fi zaɓin kansa nauyi shi ne gida ɗaya ya tsaya a kan ɗaya, a rubuta a manna a bango, kowace kwamfuta a saita ta iri ɗaya. A kunna saitin da ke sa manhaja ta riƙe shaidar da fayil ya zo da ita, ta kuma yi tambaya in ta ga babu. Wajen ajiyewa a tabbata an danna ɗan akwatin da ke cusa furofayil. Wajen turawa kuma, hoton da za a buga kada a tura shi ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yakan matse shi ya rage girmansa. A tura shi a matsayin takarda, sai ya isa yadda ya tashi.

Mu dai Allah ya taimake mu, fayilolin bikin suna nan da shaidarsu, ba a taɓa su ba. Na zauna da yaron a shagonsa wani yammaci, muka juya kwafinsu zuwa sRGB ɗaya bayan ɗaya, yana kallon lambobin suna sauyawa alhali hoton bai motsa ba. Ya daɗe yana duban allon, sannan ya ce, "Yaya, wallahi shekara biyu ina zagin masu wanki a zuciyata." Ya ɗauko kyamarar a gabana ya canza saitin, ya ɗauki hoton ƙofar shagon, muka duba sunan fayil ɗin, ɗan layin nan ya bar gaba. Dattijon mai inji ya sake wanke mana albam ɗin, ya kuma rage mana kuɗi ba tare da mun roƙa ba.

A sabon albam fuskoki sun dawo da jininsu, lalle ya yi ja. Leshin ya dawo kore sosai, ko da yake da ƙanwata ta ɗauko ragowar yadin ta ɗora kusa da shafin, na yadin ya ɗan fi ƙyalli. Wannan ɗan saura ba ya cikin abin da takardar hoto ke iya yi. Ta dube su biyun, ta ce hakan ma ya yi, ta kai wa Inna ta gani.